Bawana, Karsanarka Ba Ta da Takarda ko a Amurka

Bawana Bafulatani, ina gaisuwa, ko da yake ba al'ada ba ce ubangida ya fara gaida bawansa. Na yi ne don mutanen Yamai su shaida cewa mu Arawa, abokan wasanku, muna da tarbiyya, kuma muna haƙuri da duk abin da kakanni suka bar mana gado, har da ku.

Labari ya iso ni cewa kana neman likitan da zai rubuta maka takarda. Ba ta ciwon baya ba, ba ta hawan jini ba. Takarda kake so wadda za ta ce karsanar nan da ka turke a tsakar gidan haya a Bukoki magani ce, kuma duk wanda ya ce a fitar da ita ya taɓa lafiyarka. An ce ɗanka mai karatu a jami'ar Abdou Moumouni ne ya gaya maka haka ake yi a Amurka. Tun ranar kake yawo da maganar daga fada zuwa fada, kana shan shayin mutane kyauta kana cewa Turawa sun fi mu sanin darajar dabba.

Yaron bai yi maka ƙarya ba. Rabin labarin ya ba ka, don ya san idan ya ba ka duka za ka hana shi kuɗin faba-faba. Zauna ubangidanka ya cika maka sauran.

Akwai doka a Amurka ta 1968 wadda ta hana nuna bambanci wajen ba da haya ko sayar da gida, kuma a 1988 aka sa masu naƙasa cikin waɗanda take karewa. Daga nan ne abin ya samo asali. Idan mutum yana da ciwon damuwa, ko firgicin da yaƙi ya bar wa tsohon soja, kuma likitansa ya shaida cewa zama da kare ko kyanwa yana sauƙaƙa masa, to mai gida ba zai kore shi da hujjar an hana dabbobi ba, ba zai kuma ƙara masa kuɗi don dabbar ba. Har nan kana murmushi, na sani. To, ita dokar ta bar wa mai gida damar ƙi idan dabbar barazana ce ga maƙwabta ko za ta yi ɓarna mai yawa, kuma abin da ta lalata mai ita ne zai biya. A Janairun 2020 ma'aikatar gidaje ta ƙasar ta fitar da jagora, ta ware dabbobin da aka saba ajiyewa a ɗaki, irin su kare da kyanwa da ƙaramin tsuntsu da zomo, ta ce dabbobin garke da birai da kangaru ba sa cikinsu, mai son zama da irinsu sai ya kawo hujja mai nauyi. Ka ji? Dabbobin garke. Ba su taɓa ganinka ba amma sun san za ka zo.

A kasuwa da gidan abinci kuwa ba ka da ko ƙofar shiga. Dokar masu naƙasa ta 1990 ita ke aiki a can, kuma abin da aka yarda da shi shi ne karen da aka horar ya yi wani aiki takamaimai, kamar ja wa makaho gora ko faɗakar da mai farfaɗiya. An ɗan buɗe ƙofa ga wani irin ƙaramin doki da ake horarwa. Dabbar da aikinta kawai a kalle ta a ji sanyi a zuciya ba ta da wannan gata.

Inda abin ya lalace shi ne jirgin sama, kuma irinka ne suka lalata shi. Da mutane suka gane cewa takarda ɗaya tana sa dabba ta hau jirgi kyauta, ta zauna a gaban mai ita, sai kasuwar takardu ta buɗe a intanet: ka biya, wanda bai taɓa ganin fuskarka ba ya sa hannu. A 2014 an sauke wata mata da aladenta daga jirgi a jihar Konetikat bayan ya yi kashi a hanyar fasinja yana ta kururuwa. A Janairun 2018 wata ta zo filin jirgin Newark da ɗawisu, kamfanin United ya ce ba da shi ba. A 2018 ɗin ne kuma aka fitar da wata mai kurege daga jirgi a Orlando. Kamfanin Delta ya ce a lokacin yana ɗaukar irin waɗannan dabbobi da na masu naƙasa kusan 700 kowace rana, kuma a 2017 wani kare ya yayyaga fuskar fasinjan da ke kusa da shi a ɗaya daga jiragensa. Hukumar sufuri ta gaji, a Disambar 2020 ta sauya ƙa'ida, daga farkon 2021 ba dole ba ne jirgi ya ɗauki dabbar kwantar da hankali. Jihar Kalifoniya ta biyo da tata a 2022: likita ba zai ba da takarda ba sai ya yi kwana 30 yana duba mutum. Duk da haka a 2023 wani ya je filin wasa a Filadelfiya da kada a igiya, aka tsayar da shi a ƙofa. Ina zargin akwai jinin Fulani a jikinsa, don kai kaɗai na sani da irin wannan taurin kai.

Wa ya sha wahalar wannan wasa? Makahon da ke da karen gaske, wanda aka shekara biyu ana horarwa. Shi ne aka koma ana yi wa kallon maƙaryaci a bakin kanti, shi ne karen wani marar horo ke kai wa nasa cizo. Masu ha'inci sun ci riba na ɗan lokaci, masu buƙata suka biya.

Yanzu mu dawo Bukoki. Na shiga gidan naku da idona, ba labari aka ba ni ba. Ɗaki shida, iyali shida, famfo ɗaya, bayan gida ɗaya, igiyar shanya ɗaya. Karsanar tana turke tsakanin famfo da murhun matar da ke sayar da koko da ƙosai. Ina tsaye ta miƙa wuya ta zura baki cikin bahon geron da baiwar Allah ta jiƙa tun dare, ta ɗago da ruwan tsami yana zuba daga hancinta. Kai kana kan tabarma da malfarka a gwiwa, ka ce wai tana ɗanɗanawa ne kawai. Gefen zanen amaryar ɗakin ƙarshe ya riga ya zama tsumma, kuma yaron tela ya je lakwal ba littafin lissafi don rabinsa yana cikin tumbinta. Ƙudaje kuwa sun yi wa gidan rajista. Idan damina ta sauka, fitsarinta da ruwan sama su haɗu su bi ta ƙarƙashin ƙofofi. Hankalin mutum ɗaya ya kwanta, na mutum talatin ya tashi. Wane likita ne zai sa hannu a kan wannan lissafi?

Kuma wane likita kake nufi? Takardar da Amurkawa ke bayarwa yawanci ta likitan ƙwaƙwalwa ce. A Yamai kowa ya san inda suke: Pavillon E, a babban asibitin ƙasa. Je ka, ka tsaya gabansu ka ce saniya ce ke hana ka kuka da dare. Za su karɓe ka hannu biyu, su ba ka gado, ni kuma in zo in tafi da karsanar don kada ta yi kewa.

Na san abin da za ka ce. Za ka ce dokar makiyaya ta 2010 ta amince cewa yawon kiwo haƙƙinku ne. Gaskiya ne, kuma doka ce mai kyau. Amma burtali ta ba ku da mashaya da makiyaya, ba ta ba ku barandar mai koko ba. Hukumar birni kuma ba ta daina shelar cewa dabbar da aka kama tana gararamba a titi za a tsare ta sai an biya tara ba, ko da yake awakin Yamai ba sa sauraron rediyo. Za ka ce kuma raƙuma suna haye gadar Kennedy da kayan zana a bayansu, motoci suna jira, ba wanda ya tambaye su takarda. Ai wucewa suke yi, bawana. Ba su kama ɗaki ba.

Bari in ajiye sandar wasa na ɗan lokaci, kada ka saba. Abin da Amurkawa suka gano da bincike da kotu, ku kun san shi tun kafin a haƙa rijiyar farko a Birnin Gaure. Wanda ya tashi cikin garke, ya san kowace saniya da sunanta da sunan uwarta, ba dukiya kawai yake gani ba. Farin 1973 da na 1984 sun kawo Yamai dattawan da suka taɓa kora ɗaruruwan shanu, suka koma gadi a ƙofar gidajen Plateau, suna dafa shayi su kaɗai. Wasu ba yunwa ce ta karya su ba, rashin jin kukan maraƙi da asuba ne. Yau ma rashin tsaro a yankin Tillaberi da Torodi yana koro wasu, sun bar rugage, wasu an kwashe musu garke a dare ɗaya. Idan irin wannan mutum ya sayi karsana ɗaya ya turke kusa da ɗakinsa, yana shafa wuyanta yana yi mata magana da Fulatanci, ni ban ga abin dariya ba. Na ga yadda kake cire mata kaska da yatsa, kana lallaɓa ta ta lashi kanwa, na ga fuskarka ta saki yadda ba ta taɓa saki ba ko ranar aurenka na biyu. Magani ce, na yarda. Abin da ban yarda ba shi ne a sha maganin a gidan mutane, a bar musu ɗacin.

Kuma mu a nan ba mu rasa dabarar zama da dabba a gari ba. Rabin gidajen Yamai akwai turke. Akwai mai balami, akwai mai uda, akwai mai jar akuyar Maraɗi, akwai matasa masu tattabaru a saman rufi. Ba wanda ya je likita. Abin da ake yi shi ne a gaida mai gida a nemi izini, a share turke kafin rana ta fito, a ba mai lambu taki, idan akuya ta haihu a ɗan miƙa wa maƙwabciya nono, idan ta ci zanen wani a biya ba gardama. Takardar tamu ke nan, kuma ta fi ta Amurka wuyar samu, don ba a sayar da ita a intanet. Kai kuwa ko cokali ɗaya na kindirmo ba wanda ya taɓa gani daga hannunka. Ka ce ai karsana ce, ba ta fara ba da nono ba. Shanun da ke wajen ƙaninka a Lamorde fa, su ma duk karsana ne?

Kada ka kawo mini zancen ragona. E, ina da rago a gida, yana kuka, yana tunkuyin buta. Amma ragona yana da ranar tafiya, kuma duk unguwa ta san ta. Ranar layya za a gicciye shi a kan sanduna, a jingina shi gefen wutar itace a bakin titi tare da na maƙwabta, ya yini yana gasuwa kitse yana ɗiga, washegari kowane gida ya ga rabonsa a faranti. Maƙwabcin da ya yi haƙuri da kukan rago wata uku ya san cinya na zuwa. Taka fa? Bafulatani ya yanka saniya mai lafiya? Sai dai idan ta faɗi da kanta, ka zo da gudu da wuƙa kana hawaye, sannan ka sayar wa mahauta. Mai koko za ta tsufa tana jiran tsoka.

Da ma wani abin ka zaɓa. Raƙuman dawan Kure ba su fi kilomita 60 daga nan ba. Sun ragu zuwa kusan 50 a 1996, aka kula da su har suka haura 600, kuma aka yi hakan ne ta hanyar sasantawa da manoman da suke ci wa wake, ba ta hanyar nuna musu takarda ba. Ga su dogaye sirara irinka, ba sa magana, ba sa ba kowa komai. Ko ka je gidan tarihi na Boubou Hama ka roƙi a ba ka aron kura, ita aƙalla za ta rage awakin titi.

Ga hukuncin ubangida. Karsana za ta haye kogi ta koma Lamorde ko Kirkisoye, inda burgu yake kusa kuma ba mai shanya zane a kan hanyarta. Kai kuma ka riƙa zuwa kullum da yamma kana gaishe ta, tafiyar ma za ta rage maka surutu a fada. Idan dare ya yi maka tsawo, ka samo kyanwa, ko Amurkawa sun yarda da ita, ga ɓeraye kuma sun yi yawa a ɗakin tela. Mai koko za ka biya ta tiya biyu ta gero, amarya turmin atamfa, yaron tela sabon littafi. Ni kuma ladan shari'a ƙwarya ɗaya ce ta kindirmo duk Juma'a, wanda ba a tsarma ruwa ba. Ina da ɗan yatsa, zan gwada.

Idan ka ƙi, zan zo gidanka da dokin kawuna na Dogon Dutsi in ɗaure shi a ƙofar ɗakinka, in ce likita ya ce in ba na jin haniniyarsa ba na barci. Harawarsa kuma a kanka.