Tayar Ironman a Hanyar Gona

A gasar Ironman mutum yana iyon kilomita 3.8, ya tuƙa keke kilomita 180, ya ruga kilomita 42, kuma ba kura ke bin sa ba. Wasu 'yan gasar sun fi son tayar keken da aka ɗinke tiyub a cikinta, aka manna ta jikin wili da gam: ba nauyi, ko ta sace ba ta saurin ficewa. Madalla. A kawo ta Shinaka, inda tsidau ke kwance yana jira. In ta fashe, mai faci sai ya nemo allura da zare bayan sholisho, ya zama tela. Kafin gam ya bushe, mai tsohon keken Phoenix ya kai albasarsa Goronyo, har ya sha fura.