Ƙarar Gaisuwa Nake Yi

Duk rigar sanyin jaririn da ta lalace a Zinder tsakanin Disamba da Janairu, ni dai na ce a binciki wanda ya yi sallama. Saƙar ƙwayar shinkafa ba wata wuya gare ta ba: ido ɗaya ta gaba, ɗaya ta baya, in an juyo layi a saɓa, na gaba ya hau na baya. Amma gocewar ido ɗaya tak ta isa na gaba ya hau ɗan'uwansa, gudajin su ɓace, saƙa ta koma irin ta bakin hannun riga, mai tsukewa. To, garin da Sarki Tanimun ya kewaye da ganuwa, garin da ya riƙe matsayin babban birnin Nijar har 1926, ba a yi masa gaisuwar tsaitsaye. Ina kwana, ina gajiya, ina sanyi, ina mutan gida, kowace da amsarta. Wane kai zai riƙe "gaba, baya" cikin wannan?

Za a ce ai ba sai an ƙirga ba, a duba, mai guda daban, mai sumul daban. Haka ne, sai dai ba a tarbar babba da tsinke a hannu. A ajiye, a durƙusa, a kawo ruwa, a dawo a ɗora daga inda ake zaton an tsaya. Za a kuma ce masu ɗinkin hula a unguwar Birni wuni suke hira. Su zanensu na jikin ƙyalle, allura bi kawai take.

Kuma ɓarnar ba ta bayyana sai an ɗaga don a yaba. Ga ulun Kasuwar Dole, ga mata sun zuba ido, sai ga riga ƙasa da faɗi, ƙirji da faɗi, tsakiya a shaƙe: baƙuwa ɗaya ta ɓata, wata ta gyara ba da saninta ba. Mai saƙa ta sauke. Ta sake ɗagawa, ko laifin haske ne. Ta juya baya, nan ma haka. Ta ja gefe da gefe, ta saki, riga ta koma gidan jiya. Wata ta ce "tubarkalla" ƙasa-ƙasa. A nan gwaggo, wadda ba ta taɓa riƙe tsinken saƙa ba, take gyara zama.

"Kar ki warware, ɗiyata. Jiƙa ta ki sa wa turmi ta kwana, za ta buɗe. In ta ƙi, ki bar masa, ai daidai ƙugunsa ce."