Direbobin Motar Ɗaga Kaya a Damagaram

Motar ɗaga kaya ba ta da girman kirki, amma wadda ke ɗaukar tan 2.5 ita kanta takan kusa tan 4, kuma da ƙafafun baya take juyawa. Wannan na biyun ne tsohon ɗan kabu-kabu ya ƙi yarda da shi. Ya saba kutsawa tsakanin amalanke da jakuna a bakin kasuwar Dole, shi ya sa yake shan kwana a cikin mangaza da gudu, gindin motar ya share buhunan gero, ya waiwayo yana tambayar wa ya jera su a hanya.

Sai Malam Ƙara-ɗaya. Akwai farantin ƙarfe a jikin motar da aka rubuta iyakar nauyin da take ɗauka. Shi a wurinsa ado ne. In siminti ya rinjayi gaba har baya ya ɗaga, ba ya rage buhu ko guda. 'Yan dako biyu zai kira su hau baya su danne. Su kuma, Allah Ya shirye su, sai su hau suna dariya, ɗaya ma da rake a hannu.

Akwai mai hawan salla. Ƙa'ida ita ce haƙoran motar da ke ɗaukar kaya su yi ƙasa-ƙasa, kamar taƙi ɗaya daga daɓe, a ɗan kwantar da kayan baya. Shi kuwa sai ya cilla su sama yana tafe, ka ce jahi zai kai a ƙofar fadar Sultan a Birni. Rami ɗaya ya ishe shi kifewa. Bel bai ɗaura ba, wai in ta tashi faɗuwa zai dire, alhali mai direwa shi rufin ƙarfen ke dannewa.

Mai karamci ba ya iya cewa a'a. "Yaya, ɗan ɗaga ni in canza ƙwan fitila." Bismilla, hau haƙori.

Mai shayi yakan bar injin a kunne cikin rufaffen mangaza ya tafi shan zagaye na uku, sai ka rantse ganga 20,000 da aka buɗe matatar mai ta SORAZ a 2011 don ta tace a kullum duk domin shi ne. Masu lodi su yi ta ciwon kai suna zargin zafin Afrilu.

Akwai kuma Baba, wanda yara ke kira Kunkuru. Yana danna oda a kowace ƙofa, in kaya sun tare masa ido ya tafi da baya, a gangara kayan na fuskantar tudu. In ya tashi aiki sai ya kwantar da haƙoran a ƙasa, ya zare makulli ya jefa aljihu. Tsohon ɗan kabu-kabu ya roƙi makullin nan har ya gaji.