Yadda Ake Turancin Kamar-Kamar a Bakin Kanal

Duk matashin da ya gama karatun aikin gona ya dawo yankin Kura da Bunkure da ɗan littafi a aljihu, akwai darasin da ya kamata ya ƙware a kai kafin ya tsaya gaban baƙi, wato yadda zai faɗi da Turanci abin da ransa ya ba shi amma idonsa bai gama tabbatarwa ba. Baƙi kuwa ba sa yankewa a nan. Tun da aka kammala madatsar ruwa ta Tiga a 1974, ruwa ya riƙa bin kanal yana gangarowa gonakin Kadawa da kewaye, masu bincike daga Samaru ta Zariya da wakilan Bankin Duniya da masu sayen shinkafa suke zuwa da tambayoyi, kuma rahoton da suke komawa da shi da Turanci ake rubutawa. Ni a ganina Turancin kamar-kamar abin koyo ne, domin mai gaskiya ya fi kowa bukatarsa, muddin ya san inda ake sa shi da inda ba a sa shi.

Fara da 'yar kalmar nan "it", ɗan'uwa. Jimlar Turanci ba ta son tafiya babu wanda ya yi aikin a gabanta, saboda haka idan babu kowa sai a ɗauko "it" a zaunar da ita a gurbin, alhali ba mutum take nufi ba, ba dabba ba. Da ka ce "it seems", ka ce da alama ke nan, kuma ba ka rantse wa kowa ba. Daga nan ka nufi aikatau na gani da ji da taɓawa, "look" da "sound" da "feel", ka liƙa musu "like" ko "as if" a baya, sai su ba ka abin da kamar take ba mu. "Might" da "could" su ne wataƙilarka. Akwai kuma ɗafa-ƙeyar "ish" da ake maƙala wa launi, wadda mu muke biyan bukatarta da ninka kalma: ja-ja, fari-fari, ruwa-ruwa. Yayin furtawa ka ɗan karkata kai, ka ƙura wa shukar ido, ka bar hannu ɗaya a haɓa, domin wannan Turanci ba ya shiga da ƙirji a buɗe. Amma ka auna shi yadda uwargida take auna kanwa a miya. Ɗaya ta isa jimla. Wanda ya jera huɗu a numfashi guda, baƙo zai rufe littafinsa ya tambaye shi ko rana ce ta buge shi.

Hujjata tana kan ganyen tumatir. A 2016 tsutsar nan Tuta absoluta, wadda aka laƙaba wa Ebolar tumatir, ta cinye gonaki a Kano da Kaduna da Katsina da Jigawa, har masana'antar tumatir ta Ɗangote da ke Kadawa ta dakatar da aiki saboda rashin kaya. Wannan tsutsa ba ta shigowa da ganga. Cikin naman ganye take kutsawa, tsakanin fatar sama da ta ƙasa, ta bar wani tabo fari-fari wanda sai ka ɗaga ganyen ka haska shi da rana za ka hango ta a kwance ciki. Kafin a kai nan, abin da manomi yake da shi bai wuce ya tsuguna ya murza ganye ya ce, "Malam, shukar nan kamar ba ta yi mini ba." Wannan magana ilimi ce ta wanda ya shekara talatin yana kallon kuyya ɗaya, sai dai ilimin bai nuna ba tukuna. Idan malamin gona ya juya ta zuwa Turancin tabbas, ya yi wa dattijo ƙari, kuma za a iya kashe kuɗi a kan feshin da bai dace ba. Idan ya yi shiru sai ya tabbatar, tsutsa ba ta jiran rahoto. "It looks as if" ce kaɗai za ta ɗauki maganar da nauyinta daidai.

Wani zai ce ai wannan shi ne harshen zille-zille, kuma yana da abin kamawa. Tun a 1946 marubucin Ingila George Orwell ya koka da yadda ake amfani da Turanci mai hazo don a ɓoye abin da ake nufi. Turanci yana da ginin jimla da ke ɓatar da mai aiki gaba ɗaya, ta yadda za a ce an jinkirta ruwa ba tare da an ga hannun da ya riƙe ƙofar kanal ba. To amma Hausa ma tana da "an" da "wai", kuma babu wanda ya ce a kore su daga harshe don dillali ya fake da su a kasuwar Kwanar Gafan. Abin lura shi ne a raba magana gida biyu. Alamar cuta, da yanayin hunturu, da hasashen farashin kwando a makon gobe, da damuwar da ke cin ran manomi, duk waɗannan a ba su kamar-kamar ɗinsu. Ranar sakin ruwa, da yawan maganin da za a zuba a tankin feshi, da adadin buhun taki, da ranar biyan bashi, waɗannan suna da lamba da kwanan wata, kuma "might" ba ta da hurumi a cikinsu. Wanda ya dasa shinkafa ba zai shayar da ita da wataƙila ba. Masu tsoron kada dattawa su raina wanda ya ce "da alama" kuma su kwantar da hankali, domin dattawan kansu da "ina jin" suke buɗe zance. Abin da suke so shi ne ka biyo bayanta da lokacin da za ka dawo ka duba.

Sauran aiki shi ne mayar da zance gida, kuma nan ne tafinta yake yawan tuntuɓe. Idan aka nemi taimakon share magudana, baƙo ya yi murmushi ya ce "I'm afraid that might be a bit difficult", ba tsoro yake ji ba, kuma ba 'yar wahala yake nufi ba. Sau da yawa a'a ce ya naɗe da ladabi. Kada ka juya ka ce wa shugaban ƙungiyar masu ban ruwa akwai ɗan haske. Ka rusuna ka ce, "Ranka ya daɗe, bana dai ba za a samu ba," domin ya tara mutanensa su fita da lauje su sare kachallar da ta toshe musu magudana tun ruwa bai ja baya ba.