Yadda za ka gina gidan zamani mai ɗaki ɗaya aiki goma

Da farko, Alhaji, ka nemi fili ƙafa 50 da 100, ka kira mai zanen gini, ka gaya masa ku huɗu ne: kai, uwargida da yara biyu. Kada ka ambaci ƙanenka da zai zo kwana biyu ya shekara shida. Takardar zane ba ta son irin wannan labari.

Zaure kuwa a soke shi. Gaskiya ne a nan kakanka yake karɓar gaisuwa da safe, yara su yi karatun allo da yamma, matafiyi ya kwana da dare, amma ai ba shi da silin POP. Yi falo uku: na maza, na mata, da wanda ba a shiga, inda kujeru ke hutawa cikin ledarsu.

Sai buɗaɗɗen kicin, babu bango tsakaninsa da falo, irin na finafinan Amurka. Yana haɗa kan iyali ƙwarai: ranar da aka soya manja aka jefa attarugu, kowa zai yi tari tare, har baƙo. Labule kuma ya riƙe ƙamshin daddawa har Sallah. Tayil ba ya jure daka, saboda haka turmi da murhu za su koma lungu kusa da janareto, inda za a riƙa ainihin girkin. Kicin ɗin sai a bar shi don hoto.

Ware ɗaki guda, ofis da rana, masaukin baƙi da dare, da gado mai naɗewa. More shi da wuri, domin Gwaggo na tafe wankan jego. Kwana arba'in aka ce, amma ta zo da akwati uku, kwamfutarka kuwa ta koma kan firiji.

Tsakar gida a malale ta da siminti a ajiye mota biyu. Ranar suna a toshe layi da rumfa, maƙwabta su zagaya. Tagogi a yi su manya, gilashi zalla. Idan Afrilu ya zo, zafin Kano ya haura digiri 40 aka ɗauke wuta, sai a shimfiɗa tabarma tsakanin motocin.

Kar ka bari birkila ya yanke rodin da ya leƙo saman gini, wata rana za a ɗora bene. Idan uwargida ta tambayi wa za a saka a sama, ka ce tankin ruwa.