Yadda Muke Yi da Bargo Mai Hoton Mutane

Idan hunturu ya kankama, mu dai ba ma tambayar abin da aka zana a jikin bargo. Hannu muke sawa mu ji laushi, mu ɗaga mu ji nauyi, mu ja gefe mu ga ko ɗinkin zai warware, sai ciniki. Haka muka daɗe muna lulluɓa da damisa da ɗawisu da manyan furanni, babu mai cewa uffan. To amma 'yan gwanjon Ƙofar Wambai su ma sai sun kwance dila suke sanin abin da ke ciki, shi ya sa jefi-jefi wani bargo marar nauyi ke faɗowa gidajenmu, ɗauke da zanen mutane.

Irinsa amaryar maƙwabtanmu ta shanya a igiya, mata suka yi cirko-cirko. Wani saurayi ne kwance a kan dutse da fukafukai manya-manya, 'yan mata uku sun kewaye shi, sutura kuwa sai a hankali.

"Ke amarya, wannan ai aljani kika kawo mana gida," in ji uwargida.

"Wallahi Yaya, a naɗe na saya, laushin kawai na duba."

'Yar Hajiya da ke jami'a ce ta warware mana. Zanen wani Bature ne ɗan Ingila, Herbert Draper, na 1898, ainihinsa yana hannun gidan adana zane na Tate a Landan. Saurayin shi ne Icarus na tatsuniyar Girkawa. Sarki Minos ya tsare shi da ubansa Daedalus a tsibirin Kirit, uban ya haɗa musu fukafukai da gashin tsuntsu da kakin zuma, ya gargaɗe shi kada ya yi sama sosai. Yaro ya ji daɗin tashi ya doshi rana, kaki ya narke, ya faɗa teku.

Nan take fuskoki suka sauya. Inna ta girgiza kai ta ce, "Allah sarki, ɗan yau ke nan. Abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai hango ba." Waɗanda ɗazu suke neman tsari, yanzu uban suke tausaya wa. Wannan hali namu yana burge ni ƙwarai. Labari ko daga wace ƙasa ya fito, in ya biyo ta kunne muna ba shi tabarma. Ido ne ke da wuyar sha'ani, kuma da dalilinsa, domin akwai addini, akwai kunya, akwai yara a ɗaki.

Shi ya sa kowane gida da hukuncinsa. Wasu suna kifa bargon, kuma dabarar tana ci, don da zafin inji ake shigar da launi cikin zaren a fuska ɗaya, bayan yakan zauna fari fat. Wasu suna shimfiɗa shi ƙarƙashin zanen gado, suna kafa hujja da hadisin labulen Nana A'isha mai hotuna, wanda aka yanka aka yi matasan kai da shi. Wasu kuwa ko ƙofar ɗaki ba zai shiga ba. Wanda aka buga wa hoton Venus ta mai zane Botticelli, wadda ke tsaye a kan ƙwaryar kifin teku ba ko ɗan ƙyalle, wannan ba a ma kai shi gaban malam, mayar wa mai shi ake yi.

Dalilin yawaitar irin waɗannan barguna a kasuwannin Turai da Amurka bai wuce cewa masu zanen sun daɗe da mutuwa ba. Draper ya rasu a 1920, haƙƙin mallakarsa ya faɗi, kowa na iya buga aikinsa ya sayar.

Amarya dai ta zaɓi kifawa. Uwargida ta ƙara mata da gargaɗin da ya kamata kowa ya ji: yadin nan ba ulu ba ne, zaren roba ne. In tartsatsin gawayi ya taɓa shi narkewa yake yi ya manne a fata, don haka kada a kusanta shi da kaskon jin ɗumi, balle in an lulluɓa wa jariri.