A Unguwarmu Mota Ba Ta Mutuwa Gaba Ɗaya

Kullum bayan La'asar inuwar darbejiyar da ke gaban garejin unguwarmu takan cika. Bencin da muke zama a kai kujerar baya ce ta wata tsohuwar Fijo da aka ɗora a kan bulo huɗu. Ranar Talatar nan hirar ta tashi ne daga motar wani maƙwabcinmu, malamin makaranta, wadda famfon ruwanta ke yoyo. Da aka kwance sai aka tarar gaskit ya cinye. Malam ya fara laluben aljihu zai aiki yaro kasuwar Ƙofar Ruwa ya sayo sabo.

"Malam, mai da kuɗinka," in ji Ogan garejin. "Kai yaro, miƙo mini kwalin can mai kauri."

Ya shimfiɗa kwalin a kan fuskar famfon, ya ɗauki ƙaramar guduma mai mulmulallen kai, yana bubbugawa a hankali yana bin gefen ƙarfen. Kaifin ƙarfen da kansa ke yanka kwalin, har ramukan noti suka fito ɗaya bayan ɗaya. Ya shafa masa giris gaba da baya, ya mayar, ya ɗaure. Na sha ganin wannan aikin, amma har yau in ana yi sai na bar magana na zuba ido, don hannun ba ya kuskure ko da faɗin ƙwayar gero.

"Mu dai haka muke," in ji Alhaji mai shagon kusurwa. "Abin da Bature ya ce ya mutu, in ya zo hannunmu sai ya yi aure ya hayayyafa."

Aka yi dariya, kowa ya shiga kawo nasa. Wani ya tuna ƙararrawar firamarensu, wilin mota ne rataye a reshen mangwaro. Wani ya ce gugan rijiyar gidansu tsohon tib ne. Amalanken shanun da ke kai taki gona, ƙafafunsa da gindinsa duk na mataccen akori-kura ne. Mai faci kuwa bai ce komai ba, ya dai nuna abin gashin facinsa da haɓa: tsohon fistin ne, a zuba masa ɗan mai a kunna wuta, a matse shi a kan facin, zafin ya haɗa roba da roba.

Baba maƙeri, wanda rumfarsa ke bayan garejin, shi ya fi kowa daɗewa yana magana, kuma aka bar shi, don shi ya fi mu sani. Ya ce duk ƙarfen mota babu kamar sifirin. An yi shi ne ya lanƙwasa ya dawo, saboda haka yana karɓar wuta yana riƙe kaifi. Daga gare shi yake fitar da fartanya da gatari da wuƙar mahauta, har da ƙarfen da masu faci ke ɓalle taya da shi. Sirrin yana wajen tsomawa. In ka cire shi daga wuta ka jefa a ruwan sanyi kai tsaye, zai yi tauri fiye da kima ya tsage a bugun farko, shi ya sa Baba ke ajiye gwangwanin baƙin mai kusa da uwar maƙera.

"Ɗana," ya ce wa Oga, "ku kuna gyara mota, ni kuma ina jiran gawarta. Kakana tama yake narkawa kafin ya ga ƙarfe. Ni ga shi ana kawo mini har gida."

Wannan maganar ta tsaya mini a rai. Mutane kan ɗauka talauci ne kaɗai ya koya mana wannan dabara, alhali maƙera da dukawa sun riga mota zuwa garin nan da ɗaruruwan shekaru. Motar ce ta zo ta tarar da hannun da ya saba sarrafa ƙarfe da fata. Wanda ya taɓa shiga Panteka a Kaduna ko kasuwar Katako a Yamai ya san abin da nake nufi: tarkacen injin ya koma tukunyar biki, wili ya koma murhun gawayi, tayar babbar mota a yanka ta a fitar da bushin. A 2007 ma wani ɗalibin Jami'ar Bayero, Mubarak Muhammad Abdullahi, ya haɗa jirgi mai saukar ungulu da tarkace, ya sa masa injin Honda Civic, har labarin ya zaga duniya.

Amma talaucin ma yana nan. Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023, Naira kuma ta faɗi, kayan gyara suka yi tashin gwauron zabo, na Beljiyam ɗin ma sai mai hali. Mai A Daidaita Sahu da ke da balas a wuyansa kullum ba zai ajiye mashin kwana uku yana jiran kaya ba. Da babu gara ba daɗi.

Nan ne wani direban Kano zuwa Jos ya sako nasa. Ya ba da labarin ranar da tankinsa ya huje a daji, ya goga sabulu a wurin ya toshe, tunda fetur ba ya narkar da sabulu. Wata rana kuma famfon mai ya ƙi, ya ɗora jarka a saman mota ya jawo tiyo zuwa kafireta, ya iso gari. Ya ƙara da cewa ko fiyus ya ƙone shi waya yake naɗawa ya wuce.

Oga ya ajiye sufana. Fuskarsa ta canja.

"Yallaɓai, sabulun na yarda, ya kai ka gari ka zo a yi walda. Amma fiyus an sa shi ne ya ƙone a madadin motar. Ka sa waya, wayoyin ciki ne za su ƙone, da mutane a zaune." Ya ce shi a garejinsa abu uku ba ya yi wa dabara ko za a ba shi kujerar Makka: burki, da sitiyari, da tayar da ta suɗe a sake tsaga mata zane da wuƙa a sayar kamar mai rai. Gaskit ɗin kwalin ma na famfon ruwa ne, ba mai hankalin da zai sa shi a kan injin inda wuta ke ci.

Ina tare da Oga ɗari bisa ɗari. Ina alfahari da hannun mutanenmu, kuma ina jin zafi in na ga an raina su don tufafinsu sun yi baƙi da mai. Amma duk wanda ya taɓa zuwa gaisuwar mutuwar da hanya ta jawo ya san abin da burkin da aka yi wa kwaskwarima ke iya jawowa, fasinja kuma bai san abin da ke ƙarƙashinsa ba lokacin da yake biyan kuɗin mota.

Alhaji ya tambaya ko wannan aikin zai ɗore, tunda motocin yanzu kwamfuta ke tafiyar da su. Oga ya ce Fijo 504 da aka riƙa haɗawa a Kaduna tun 1975 da kunne ake gano ciwonta, ta yanzu kuwa sai an jona mata na'ura. Ya nuna babban yaronsa, ya ce shi ya tura ya koyo, kuma makon jiya yaron ya buɗe kwamfutar wata mota ya canja ɗan abin da ya ƙone a ciki da wanda ya ciro daga tsohuwar rediyo.

Malam ya murza makulli, motar ta tashi. Muka leƙa ƙasa, babu ɗigo ko ɗaya. Ragowar kwalin kuwa ƙaramin yaron garejin ya riga ya tsince, yana auna shi a jikin motar langa-langar da yake haɗawa da murafen kwalba, ladan kuma ya fara gyaran murya a masallacin layi.